Tarihin Gwajin Rassa, da Yadda Ɗigon Ruwan Faya Ya Zama Shaida a Wurin Likitoci

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ungozomai da likitoci, tun daga zamanin Yunanawa har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya shige, akwai wata wadda a zahiri ba ta kai a kira ta mas'ala ba, alhali kuwa rayuka biyu ne suke rataye a kan amsarta: mace mai ciki ta zo ta ce ta ji ruwa ya zubo mata, to, shin faya ce ta fashe, ko fitsari ne ya kuɓuce mata saboda nauyin ciki, ko kuwa ruwan nan ne mai yauƙi da matanmu suke kira zaƙi? Idan ciki ya cika wata tara, naƙuda ta kankama, ruwa ya ɓalle ya jiƙa zane da tabarma, babu mai buƙatar malami ya yi masa fatawa. Amma idan cikin wata huɗu ne ko biyar, ruwan kuma tsattsafe yake yi kaɗan-kaɗan, ya zo ya ɗauke, har ma mai shi tana kokwanton abin da ta ji, a nan ne ido yake gazawa, ƙwarewar shekaru kuma ta koma zato.

Dalilin da ya sa amsar take da nauyi shi ne, tantanin da yake lulluɓe da tayi da ruwansa hijabi ne da Allah ya sanya tsakanin ɗan da ke ciki da ƙwayoyin cutar da ke waje, kuma daga sa'ar da ya yage, hanya ta buɗe wa cuta zuwa mahaifa, tana iya kashe ɗan, tana iya haɗawa da uwar. Wanda ya ce faya ba ta fashe ba alhali ta fashe, ya sallami mace ta koma gida da ƙofa a buɗe. Wanda kuma ya ce ta fashe alhali tana nan lafiya lau, yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, ya jawo haihuwar bakwaini ko ɓari ba gaira ba dalili. Likitocin yau sun ƙiyasta cewa fashewar faya kafin naƙuda tana samun kimanin mata 8 cikin 100 a cikakken ciki, da 2 zuwa 3 cikin 100 kafin mako na 37, wadda kuwa take aukuwa tun ɗan bai kai ya rayu a waje ba, ba ta kai 1 cikin 100 ba. Sai dai wannan nadirin shi ne mafi muni, domin huhun tayi ba ya ginuwa yadda ya kamata in babu ruwan da yake iyo a cikinsa.

Magabata sun san ruwan, sun kuma san tantaninsa. Soranus mutumin Afisa, wanda ya yi likitanci a Rum a farkon ƙarni na 2 na Miladiyya, ya yi bayaninsu a littafinsa na cututtukan mata. A Andalus, Aribu ɗan Sa'adu na Ƙurɗuba ya wallafa littafi sukutum a ƙarni na 10 a kan halittar tayi da kula da masu ciki da jarirai, Abul Ƙasim Zahrawi kuma, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe wa ungozomai fasali a cikin littafinsa Tasrif, inda ya koya musu yadda za su huda tantanin da farce ko da ƙaramar aska idan haihuwa ta yi gardama, domin ruwa ya fito ɗa ya biyo. Ibn Khaldun ma bai raina sana'ar ba, ya lissafta karɓar haihuwa cikin sana'o'i masu daraja waɗanda birni ba ya wadatuwa ga barinsu. Duk da wannan ilimi, hujjar da suke da ita a kan ko faya ta riga ta fashe ba ta wuce huɗu ba: maganar mace, da gani, da sansanawa, da taɓawa da yatsa. Ta ƙarshen nan ita aka fi dogara da ita, ita ce kuma ta fi haɗari, domin yatsan da ya shiga neman labari shi ne yake shigar da cutar. Ba a gane haka sosai ba sai bayan da Ignaz Semmelweis, ɗan ƙasar Hangari, ya wajabta wa ɗalibansa wanke hannu da ruwan kulorin a babban asibitin Biyana a 1847, mutuwar masu jego ta faɗi warwas a ɗakin da yake kula da shi. Tun daga nan bukata ta fito fili: a sami wata alama da za a karanta a jikin ruwan kansa, ba tare da yawan sa hannu ba.

Masana sinadarai ne suka fara taɓa ruwan. A Faransa, wajen shekarar 1800, Vauquelin da abokin aikinsa Buniva sun tace ruwan cikin mace da na saniya domin su ga abin da ya ƙunsa, kuma shi wannan Vauquelin ɗin, tare da malaminsa Fourcroy, ya riga ya lura tun 1791 cewa hawaye in ya bushe yakan bar ƙanƙarar gishiri. Abin mamaki, mutum guda ya riƙe bakin zaren biyu, amma sai da aka shekara ɗari da hamsin da ɗoriya kafin wani ya ƙulla su. Da ƙarni na 20 ya shigo, dabarar farko da ta karɓu ita ce ta auna tsami. Ruwan farji a ɗabi'arsa mai tsami ne, galibi wajen 4.5 a ma'aunin masu sinadarai, ruwan faya kuwa yana tsakanin 7.1 da 7.3, ya ɗan karkata zuwa ɓangaren kanwa. Saboda haka aka riƙa tsoma wata takarda mai sauya launi, har aka tsaya a kan wadda ake kira nitirazin, wadda Baptisti ya bayyana amfaninta a Amurka a 1938, tana rawaya ta koma shuɗiya in ta haɗu da ruwan faya. Illarta ita ce ba ta san faya ba, kanwa kawai ta sani: jini yana juya ta, maniyyi yana juya ta, sabulu da wasu cututtukan farji ma haka. Wasu likitocin sai suka bi ta wata hanya, suka riƙa neman sawun tayin kansa a ƙarƙashin madubin likita, wato siririn gashin jikinsa, ko ɗigon maiƙon da ke fatarsa, ko ɓawon fatar da ya saɓule, har Brosens da Gordon suka zo a 1965 da wani shuɗin rini da yake mayar da waɗannan ɓawon ruwan lemo. Shaida ce mai ƙarfi, amma ga cikin da ya tsufa kaɗai, domin kafin wata na takwas ɓawon da rinin yake kamawa bai yawaita ba. Ashe wadda ta fi kowa bukatar amsa, mai ƙaramin ciki, ita ce wannan gwaji ya bari a baya.

Maganin ya ɓullo ta inda ba a nema ba. George Papanicolaou, wanda aka haifa a garin Kimi na ƙasar Girka a 1883, ya yi hijira zuwa Amurka a 1913, ya sami gurbi a makarantar likitanci ta Cornell a birnin New York, ya ƙarar da rayuwarsa yana shafa ruwan jiki a kan ɗan gilashi yana dubawa. Da dabbobi ya fara a 1917, sa'an nan ya koma kan mata, matarsa Mary tana ba shi samfurinta shekara da shekaru, har ya kai ga gwajin nan na gano sankarar bakin mahaifa wanda duniya take kira da sunansa. A tsakiyar shekarun 1940, cikin bayanan da ya tara a gefen babban aikinsa, ya ambata cewa majinar bakin mahaifa, idan aka shimfiɗa ta a gilashi aka bar ta ta bushe, takan fitar da wani zane mai ban sha'awa, gwangwala a tsakiya da rassa suna fita dama da hagu, kowane reshe kuma da nasa ƙananan rassan, kuma wannan zane ya fi bayyana a tsakiyar tsarkin mace, lokacin da ƙwai yake fita. Turawa suka kira shi da sunan wani tsiro mai tsagaggen ganye da ke fitowa a dausayin ƙasashensu, wasu marubutan suka ce ganyen dabino, mu kuwa a nan gwajin rassa za mu ce.

Papanicolaou ya ga zanen, amma Erik Rydberg ne, a ƙasar Danmak, ya bayyana haƙiƙarsa a 1948, kuma haƙiƙar ta zo da sauƙin da ya kusa ba da kunya: gishiri ne, irin wanda ake sa wa miya. Ruwan gishiri zalla in ya bushe, ƙwayoyinsa sukan taru su daskare a siffar ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu, domin babu abin da ya tare musu hanya. Idan kuwa akwai furotin ko majina a cikin ruwan gwargwadon wani ƙadari, sai ruwan ya yi kauri yayin da yake ƙafewa, gishirin ya kasa isa ko'ina daidai wa daida, ya riƙa kamawa a kan tsinin da ya fi miƙewa gaba, tsinin nan ya ƙara tsawo, ya tsage, kowace tsaga ta sake tsagewa, har gilashi ya cika da rassa. Sharaɗin dai shi ne daidaito tsakanin gishirin da furotin ɗin. In ɗaya ya rinjayi ɗaya ƙwarai, zanen ya lalace ko ya ƙi fitowa sam.

Daga nan sai mas'alar ta faɗa hannun masu binciken sinadaran jikin mace, kuma babbansu shi ne Bernhard Zondek. Wannan malami ya riga ya yi suna a Balin tun 1928, sa'ad da shi da Selmar Aschheim suka fito da gwajin ciki na farko da za a iya dogara da shi, wanda ake yi wa ƙananan ɓeraye mata allurar fitsarin mace, a jira kwana huɗu ko biyar, a yanka su a duba ƙwayayensu. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 suka kore shi daga aiki saboda Bayahude ne, ya ƙare a Birnin Ƙudus, a can ne shi da Samuel Rozin suka wallafa bincikensu a kan rassan a 1954. Abin da ya tabbata daga aikinsu da na wasu, irin su Campos da Paz a Barazil da Maxwell Roland a Amurka, shi ne cewa sinadarin istirojin yana ƙara wa majinar ruwa da gishiri sai rassa su fito, furojestaron kuwa, wanda yake rinjaye bayan fitar ƙwai kuma yake riƙe ciki, yana daskarar da ita ya hana rassan. Ma'ana, mace mai sabon ciki a galibi majinarta ba ta yin rassa. Aka yi ɗoki ƙwarai da wannan, domin ga gwajin ciki na minti kaɗan wanda ba ya cin ɓera, har wasu suka tafi a kan cewa bayyanar rassa a farkon ciki alama ce ta ƙarancin furojestaron da barazanar ɓari. Ɗokin bai daɗe ba. Rashin rassa yana da sababai da yawa ban da ciki, kuma an sami mata masu rassa da suka haihu lafiya, don haka da gwajin fitsari na zamani ya bayyana a shekarun 1960 sai aka jingine wannan fata.

Amma a cikin wannan faɗuwa ne fa'idar gaskiya take ɓoye, kuma a ganina nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi tadabburi a tarihin nan duka. Idan majinar mai ciki ba ta yin rassa, sa'an nan aka ɗebo ruwa daga farjinta aka ga ya yi, to lalle wani ruwa ne daban ya sauko, mai gishiri da furotin, wanda ba fitsari ba ne, domin fitsari ba ya yin irin wannan zane. Likitoci biyu na Hangari, Kardos da Tamasi, su ne suka rubuta a 1955 cewa ruwan faya yana yin rassa, kuma za a iya gane fashewarta da haka. Da yake a mujallar ƙasarsu kuma da harshensu suka rubuta, a zamanin da Turai take rabe gida biyu, labarin bai yaɗu da wuri ba, sai a 1962 da Kovacs, da kuma Smith da Callagan, suka wallafa nasu sakamakon a mujallun Amurka, sa'an nan gwajin ya shiga ɗakunan haihuwa.

Yadda ake yinsa bai sauya ba har yau. A sa ƙarfen buɗawa wanda aka dafa, a duba ko ruwa ya taru a ƙuryar farji ta baya, a dangwalo shi da auduga daga can, a kauce wa bakin mahaifa, a shafa a gilashi mai tsabta, a bari ya bushe, a duba. Ƙwararru suna cewa rassan faya sirara ne masu laushin zane, na majina kuwa kaurara ne masu duhu da cunkoso, kuma bambance su aikin ido ne da ya saba. An kuma gano cewa maniyyi yana iya ruɗin mai dubawa, haka ma zanen yatsan wanda ya riƙe gilashin, saboda gishirin gumi. A 1969 Friedman da McElin suka auna hanyoyin da ake da su, suka iske cewa babu ɗaya da ta isa ita kaɗai, amma idan biyu daga cikin uku suka yi ittifaƙi, wato maganar mace da takardar nitirazin da rassa, ana dacewa da gaskiya kimanin kashi 93 cikin 100. Abin lura ne cewa bayan duk wannan wahala ta madubi da sinadari, maganar matar nan da Soranus ya dogara da ita ba ta fita daga cikin shaidu ba.

Saura mas'alar ƙaramin ciki, kuma shubuhar da ke cikinta tana da tushe, domin ruwan faya na wata uku ba shi ne na wata tara ba. A mako na 10 bai wuce mililita 30 ba, a mako na 16 ya kai wajen 200, a watannin ƙarshe kuma wajen 800. A farko kusan tataccen ruwan jinin uwa ne da na tayi, yana ratsa tantani yana ratsa fatar tayin, wadda a lokacin ba ta yi kauri ba, gishirinsa kuma daidai yake da na jini. Ƙodar tayi takan fara fitar da fitsari tsakanin mako na 8 da na 11, fatar kuma takan rufe ta daina ratsuwa wajen mako na 20 zuwa 25, daga nan sai ruwan ya zama galibinsa fitsarin tayi ne da ruwan huhunsa, yana haɗiya yana fitarwa, gishirin yana raguwa sannu a hankali. Tun da zanen rassa ya dogara ne a kan daidaiton gishiri da furotin, kuma duka biyun suna sauyawa da tsufan ciki, hankali ya yarda a tambaya ko gwajin da aka tabbatar a kan masu naƙuda zai yi aiki a kan mai cikin wata huɗu. An yi saɓani a kan haka shekaru da dama, kuma ba a iya yanke shi ba saboda babu inda za a sami tsantsar ruwan ƙaramin ciki wanda babu kokwanto a kansa.

Wata sana'a ce daban ta kawo ruwan. Douglas Bevis a Manchesta ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa ana iya zuƙo ruwan faya da allura ta cikin ciki domin a auna cutar saɓanin jinin uwa da ɗa. Fuchs da Riis a Kopanhegan suka gane jinsin tayi daga ruwan a 1956. Steele da Breg kuma suka raya ƙwayoyin halittar da ke cikinsa a 1966, abin da ya buɗe ƙofar binciken cututtukan gado tun ciki yana mako 15 zuwa 20. Da wannan aiki ya zama ruwan dare a manyan asibitoci, sai ga tsantsar ruwan kowane mako a hannu. Reece da abokansa suka jarraba shi a 1984 ta hanyar gauraya shi da abubuwan da ake tsoro, suka ga kashin farko na tayi ba ya hana rassa, sauyin tsami ma ba ya hanawa, jini ne kaɗai in ya yi yawa yake ɓata su. A 1993 kuma Bennett da abokansa suka wallafa gwajin da suka yi wa ruwan ciki daga mako na 12 har zuwa na 41, suka iske cewa idan an duba gilashin bayan minti 3 wasu samfuran ba sa nuna komai, amma idan an bar shi ya sha iska minti 10 dukkansu suna yin rassa, ƙaramin ciki da babba. Kusan shekara arba'in ana tuhumar ruwan, ashe wani kaso na laifin yana wuyan mai gaggawar dubawa.

Kada dai a ɗauka an rufe babin da wannan, domin tsantsar ruwa daga allura daban, abin da auduga take dangwalowa daga jikin mace daban. Shekara guda bayan haka, a 1994, de Haan da abokansa a Holan suka nuna cewa ga matan da suke naƙuda gwajin yana kama kusan duk wadda fayarta ta fashe, amma ga waɗanda ba sa naƙuda, masu ɗan tsattsafen da ba a san asalinsa ba, bai kama fiye da kusan rabi ba, kuma yakan ce ta fashe ga wasu da ba ta fashe ba. Ruwan ƙaramin ciki kaɗan ne, in ya zuba ya ɗauke na wasu sa'o'i babu abin da zai rage a dangwala sai majina da jini. Hukuncin adalci a kan gwajin rassa shi ne, ganinsu hujja ce mai ƙarfi idan an ɗebo daga inda ya dace, rashin ganinsu kuwa ba ya kore komai.

A halin nan kuwa farashin kuskure ƙaruwa ya yi, saboda an sami abin da za a yi wa mace in an tabbatar. Liggins da Howie a Niu Zilan sun nuna a 1972 cewa allurar sitiroyid ga uwa tana gaggauta nunar huhun bakwaini, wani babban gwaji da aka jagoranta daga Ingila kuma ya tabbatar a 2001 cewa maganin eritiromaisin yana jinkirta haihuwa ya rage cuta bayan fashewar faya kafin lokaci. Na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald ya fara bayyanawa a Gilasgo a 1958, tana nuna ko ruwa ya ragu, ko da yake ba ta faɗin dalilin raguwar. Daga shekarun 1990 aka fara sayar da wasu 'yan tsinke, irin su Actim PROM na ƙasar Finlan da AmniSure da ya biyo baya, waɗanda suke neman wani furotin da ya yawaita a ruwan faya ya ƙaranta a sauran ruwan jiki, su ba da amsa da layi biyu kamar gwajin ciki.

Yau ƙasashe sun rabu a kan mas'alar. A Ingila, ƙa'idar da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2015 ta ce a duba da ƙarfen buɗawa, in an ga ruwa ya taru shi ke nan, in ba a gani ba a koma ga tsinken furotin, ta kuma hana dogara da nitirazin. A Amurka ƙungiyar likitocin mata har yanzu tana lissafa taruwar ruwa da takardar tsami da rassa a matsayin matakin farko, tsinken kuma mataimaki ne a inda aka rasa yaƙini. A asibitocin da kuɗi ya yi wa ƙaranci kuwa, a Afirka da Asiya, lissafin a bayyane yake: tsinken ana sayensa da kuɗin waje, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar, alhali madubin da ake duba jinin zazzaɓin cizon sauro da shi yana nan a ɗakin gwaji, gilashin da ake shafa jinin a kai shi ne dai ake bukata, kuma gwajin rassa ba ya cin rini ko wani sinadari.